Hazad, Jiniya da Danja: Martani Kan Ayarin Jana'iza a Titunan Kano

Wani marubuci ya fitar da rubutu kwanan baya yana kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da ta yi wa ayarin jana'iza doka ta musamman. Abubuwa uku yake nema. Na farko, duk motar da ke rakiyar gawa ta kunna fitilun gargaɗi, waɗanda direbobi ke ce wa hazad, tun daga ƙofar gida har bakin makabarta. Na biyu, motar da ta ɗauko makara ta saki jiniya. Na uku, duk wanda ke cikin ayarin ya sami izinin wuce danja ko da ta nuna ja, 'yan Karota kuma su kau da kai. Hujjojinsa ma uku ne: addini ya yi umarni da a gaggauta suturta mamaci, titunan Kano sun cushe, kuma a cewarsa haka ake yi a Amurka.

Abin da ya dame shi gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa ɗauko gawar ɗan'uwansa daga Asibitin Malam Aminu Kano ya san yadda Titin Zariya yake da tsakar rana. Ko a nufi gadar Dangi, ko a juya Titin Kotu, ko a miƙa Unguwa Uku, mota ba ta yin nisa ɗan adaidaita bai cusa kai gabanta ba. Tun da aka hana sana'ar acaɓa a birnin a Janairun 2013, babur mai ƙafa uku ya gaje titi, ga kurkura da lodinta, ga tirelolin da ke shigowa ta hanyar Zariya da ta Maiduguri. Ayarin da ya taso a jere yakan tsinke gida uku kafin ya isa makabartar Gyadi-Gyadi ko ta Tarauni. Akan ga ɗan mamaci ya iso a guje, ya tarar an gama jera itace an fara mayar da ƙasa. Ga Musulmi wannan rashi ne a kan rashi, domin hadisi ya nuna cewa ladan wanda ya tsaya har aka binne ya ninka na wanda ya yi salla kawai ya juya.

Sai dai maganin da marubucin ya kawo zai ƙara ciwon ne, kuma ana iya nuna hakan ɗaya bayan ɗaya.

A fara da fitilar kanta. Hazad ba ta da ƙwai nata na daban. Ƙwayayen siginar dama da na hagu ne ake sa su ƙyaftawa a lokaci guda. Da zarar direba ya danna maɓallin nan mai jan alwatika, a mafi yawan motocin da ke yawo a Kano ya rasa hanyar gaya wa na bayansa inda ya nufa. Ko ya tura sandar sigina dama, na baya ba zai ga wani canji ba, domin duka ɓangarorin biyu suna ta ƙyafta abinsu. Ayarin jana'iza kuwa ba miƙaƙƙiyar tafiya yake yi ba. Zai fito daga lungu ya hau babban titi, ya sha kwana a mahaɗa, ya sauya hannu, ya tsallaka ya shiga layin makabarta. A kowane ɗayan waɗannan wurare, mai babur da ke biye da ɗan adaidaita da ke gefe sigina suke dubawa su san ko su rage gudu ko su wuce. Dokar da za ta tilasta wa mota ashirin kunna hazad, doka ce da za ta kashe siginar mota ashirin a daidai wuraren da aka fi buƙatarta.

Akwai kuma abin da duk bakanike mai gyaran wayar mota ya sani. Da yawa daga cikin motocin hannu da ake shigowa da su Najeriya na kasuwar Amurka ne, inda doka ta yarda siginar baya ta zama ja. A wasu daga cikinsu ƙwai ɗaya ne ke aikin birki da na sigina. Idan irin wannan mota tana tafiya da hazad, na bayanta yana ganin jan haske yana kawowa yana ɗaukewa, kuma zai sha wuya kafin ya gane lokacin da aka taka birki da gaske. Motocin ayari kuwa kusa da kusa suke tafiya don kada wani ya shiga tsakani. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen fahimtar fitilar na gaba ya isa ya haɗa 'yan rakiya biyu karo a tsakiyar titi, makara na gaba tana jira.

Marubucin yana ganin hazad za ta sanar da jama'a cewa gawa ce ke wucewa. A Kano ta daina sanar da komai. Masu kai amarya suna kunna ta. 'Yan rakiyar ɗan siyasa suna kunna ta. Ana kunna ta idan ruwa ya kece, ana kunna ta idan hazon hunturu ya sauko. Wanda ya tsaya a bakin titi ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre yana kunna ta ya bar motar. Wasu direbobin ma sun mayar da ita alamar cewa za su miƙe a mahaɗa, abin da babu makarantar koyon tuƙin da ta koyar. Lamarin ya zama kamar kasuwar da kowa ke ihun ɓarawo a lokaci guda, ba wanda zai ƙara waiwayawa. Ɗan adaidaitan da ya hango jerin motoci suna ƙyafta fitila a Titin Maiduguri ba shi da yadda zai san ko ango ne ko gawa. Wanda ya fi cutuwa kuwa shi ne direban da motarsa ta mace da daddare a hannun masu gudu, wanda don shi aka ƙera fitilar tun asali.

Wannan shi ne ma abin da dokar duniya ta tanada. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Viyana a 1968, wadda Najeriya ta shiga a 2018, ta taƙaita amfani da fitilun gargaɗi ga sanar da haɗari na musamman: motar da ta lalace ko ta yi haɗari ba a iya janye ta nan take ba, ko kuma faɗakar da na baya cewa ga wata masifa a gaba. A Ingila, ƙa'ida ta 116 ta kundin ƙa'idojin hanya ta hana kunna su mota tana tafiya, in ban da a manyan hanyoyi na gudu, shi ma don gargaɗin abin da ke gaba kuma na ɗan lokaci. A can ayarin jana'iza ba shi da ikon wuce jar danja sai idan ɗan sanda ne ya tsaya ya ba shi hannu.

To, batun Amurka fa? Gaskiya ne akwai jihohin da suka ba ayarin jana'iza fifiko a mahaɗa, amma marubucin ya ɗauko izinin ya bar sharuɗɗan a baya. A jihar Fulorida, doka ta wajabta wa motar da ke jagorantar ayari, in ba ta 'yan sanda ba ce, ta ɗauki fitila ta musamman mai launin ruwan ɗorawa ko shunayya wadda ake hangowa daga nisan ƙafa 500, wato kusan mita 150. Sauran motoci fitilun gaba da na baya aka wajabta musu; hazad zaɓi ce kawai. Motar gaba ba ta keta jar danja. Sai ta shiga mahaɗa bisa ƙa'ida, da koriyar fitila ko da hannun jami'i, sannan na bayanta su biyo ko da fitila ta canza, kuma da sharaɗin taka-tsantsan. Idan motar asibiti ko ta kashe gobara ta taho, ayarin ne ke kaucewa. A jihar Mishigan, wadda ke da ɗimbin Musulmi, kowace mota a ayarin sai ta maƙala tuta mai launin ruwan lemo ɗauke da alamar addinin mamacin, gicciye ko tauraron Yahudawa ko jinjirin wata da tauraro, kafin ta sami wannan fifiko. Wasu jihohin kuma ba su da irin wannan doka sam. Abin da ya haɗa Fulorida da Mishigan shi ne alama ta daban wadda ba kowa ke da ita a motarsa ba. Hazad kuwa tana cikin kowace mota, maɓalli ɗaya ne tsakaninta da kowane direba.

Nan ne haɗarin buƙata ta uku yake. A ƙaddara mota ashirin a jere, tsakanin kowace da ta bayanta daƙiƙa biyu. Kafin ta ƙarshe ta iso mahaɗa an ci kusan daƙiƙa arba'in, idan ba wanda ya ratsa tsakani ke nan. A titin Kano sai an ratsa. Saboda haka wutsiyar ayarin za ta iso ne bayan minti ɗaya ko biyu, lokacin da makara ta riga ta ɓace wa ido, danja ta ba ɗaya hannun kore, masu wancan hannun kuma sun taso da ƙarfinsu. Direban tirelar da ya hango kore daga nesa bai ga gawa ba, bai ji sanarwa ba. Abin da zai gani shi ne wata ƙaramar mota tana ƙyafta fitila ta faɗo gabansa, mai ita yana da yaƙinin cewa doka na bayansa. Tirela mai lodi ba ta tsayawa inda ƙaramar mota ke tsayawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙirga mutuwar sama da mutum 5,000 a titunan Najeriya a 2023, haka kuma a 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta nuna a rahotonta na 2023 cewa nahiyar Afirka ce kan gaba a yawan mace-macen hanya idan aka auna da yawan jama'a. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da sararin ƙirƙiro sabon rukunin direbobi masu lasisin wuce ja.

Sannan wa zai tantance? Ranar da aka ce hazad ta isa shaida, duk mai sauri a Hotoro ko Darmanawa ya sami mafita: ya danna maɓalli, ya manne wa bayan ayari, ko ma ya wuce shi kaɗai ya ce an bar shi a baya ne. Ɗan Karotan da ya tsare shi zai sha zagin cewa bai san darajar gawa ba, kuma jama'ar da ke wurin za su goyi bayan direban. Hukumar da gwamnatin Kano ta kafa a 2012 don ta dawo da tsari kan titi za ta wayi gari da dokar da ba ta iya aiwatarwa.

Maganar jiniya ta fi komai nauyi a yankin Gyadi-Gyadi, saboda unguwar asibiti ce. Asibitin Malam, wanda aka kafa a 1988, yana karɓar marasa lafiyar da aka turo daga sassan Kano da maƙwabtan jihohi. A Titin Gidan Zu akwai asibitin yara na Khalifa Isyaka Rabi'u, a Giginyu akwai asibitin ƙwararru. Jiniyar da ake ji a waɗannan tituna tana iya zama ta mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, ko ta yaron da numfashinsa ke sarƙewa, ko ta 'yan kwana-kwana da ke tseren cimma gobara. Ƙa'idojin hanya na tarayya na 2012 sun jera waɗanda aka yarda su yi amfani da jiniya: wasu manyan masu riƙe da muƙamai, jami'an tsaro, 'yan kashe gobara da motocin ɗaukar marasa lafiya. Ayarin jana'iza ba ya cikin jerin. Wani abin da ke ƙara rikita al'amarin shi ne, yawancin motocin ɗaukar gawa na masallatai da ƙungiyoyin unguwa siffarsu ɗaya da motar asibiti. Idan kowace ta saki jiniya, direban da ya kauce sau biyar ya ga makara ce, a karo na shida zai yi nawa, kuma mai yiwuwa a wannan karon mai rai ne a ciki. Mamaci ya riga ya cika, minti biyu ba za su rage masa komai ba. Mai naƙuda kuwa rayuwarta da ta jaririnta na iya rataya a kan waɗannan minti biyun.

Najeriya ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka bar ayarin motoci ya ɗauka titi nasa ne. Ranar 12 ga Nuwamba, 2013, Farfesa Festus Iyayi, marubuci kuma tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, yana kan hanyarsa ta zuwa taron ƙungiyar a Kano, wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na lokacin ta daki motar da yake ciki kusa da Lokoja, ya rasu. Jama'a sun daɗe suna kuka da wannan ɗabi'a ta jiniya da ture mutane gefe. Bai kamata a ɗauko ta a yafa wa jana'iza, wadda ita ce taron da ya fi kowane nuna cewa sarki da talaka ƙyalle ɗaya za su tafi da shi.

Saura hujjar addini, wadda ita ce ginshiƙin rubutun nasa. Hadisin gaggauta jana'iza ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira. Amma malamai ba su bar ma'anarsa a buɗe ba. Masu sharhin Muhtasar na Shehu Halil, littafin da malaman zaure na Kano suka tashi a kansa, sun bayyana saurin da cewa tafiya ce ta mai himma wadda ba ta kai sassarfa ba, domin sassarfa tana kore natsuwa kuma tana jijjiga gawa. A jana'izar Nana Maimuna, matar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Abdullahi ɗan Abbas ya gargaɗi masu ɗaukar makara da kada su girgiza ta, su tafi da ita a hankali. Wannan ma yana cikin Buhari da Muslim. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya hana bin gawa da kaskon turare, Muhtasar kuma ya ƙirga ɗaga murya a bayan makara cikin abubuwan ƙi. Mazhabar da ta ƙi jinin kururuwar mutum a bayan gawa, da wuya a nemo mata hanyar son kukan jiniya da hon. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai ƙa'idar da ta hana cutarwa da ramuwar cuta, sannan hadisin haƙƙin hanya ya lissafa kame cuta daga masu wucewa cikin abin da titi ke bin kowa. Gaggauta jana'iza mustahabbi ne. Kare ran mai rai wajibi ne, kuma babu malamin da zai yarda a sayar da wajibi don a sayi mustahabbi.

Idan ma aka yi lissafi, abin da ake tseren samu kaɗan ne ƙwarai. Tafiyar kilomita 5 da gudun kilomita 30 a awa minti 10 ce. Da gudun 50 minti 6 ce. Ribar duka minti huɗu, a ƙara da minti ɗaya ko biyu na jiran danja. Jinkirin jana'iza na gaske a wani wurin yake: jiran takardar asibiti, neman motar ɗauka, jiran babban wa da ya taso daga Abuja ko Kaduna, jiran masu haƙa su gama kabari, jiran a idar da Azahar ko La'asar don a sami jama'a. Iyalin da suka yi haƙurin awa biyar saboda waɗannan dalilai ba su saɓa wa sunna ba, kuma ba za su saɓa mata ba don sun tsaya minti ɗaya a danjar Titin Zariya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ayarin da ya yi karo a mahaɗa shi ne wanda zai kai Magariba bai binne gawarsa ba.

Kano ba ta taɓa buƙatar jiniya kafin ta girmama gawa ba. A unguwannin da makabarta ke kusa, har gobe a kafaɗa ake ɗaukar makara, ana karɓa-karɓa, kowa na neman ladan taku kaɗan. Mai shago yakan miƙe, mai rediyo ya rage murya, mai mota ya taka birki ba tare da an ce masa ya tsaya ba, ana ta Allah Ya jiƙan musulmi. Asalin wannan ɗabi'a sananne ne: Manzon Allah ya taɓa miƙewa da aka wuce da gawa, da aka ce masa ta Bayahude ce sai ya nuna cewa ita ma rai ce. Abin da ya sa direba ke tsayawa shi ne ya ga makara da idonsa, ya gane abin da ke wucewa. Da birni ya faɗaɗa, unguwanni suka yi nisa da makabartu, gawa ta koma cikin rufaffiyar mota, sai wannan ganewar ta ɓace. Ladabin yana nan a zukatan mutane. Alamar da za ta tashe shi ce babu, kuma nan ne ya kamata doka ta sa hannu.

A wannan gaɓar marubucin yana da gaskiyar da bai tsaya a kanta ba. Haƙƙin ayari na kada a tsinka shi abu ne da dokar duniya ta sani. Sashe na 26 na waccan yarjejeniya ta Viyana ya hana masu amfani da hanya ratsa jerin sojoji, da jerin 'yan makaranta masu tafiya da mai kula da su, da sauran jerin gwano. Wannan shi ne abin da ya dace Kano ta rubuta a dokarta ƙarara: ratsa ayarin jana'iza da gangan laifi ne, haka ma manne masa don a ci arzikin hanya. Amma kafin a hukunta ɗan adaidaita kan ratsa ayari, sai an ba shi hanyar gane ayarin.

Tsarin da zai yi aiki ba mai wuya ba ne. Motar da ke ɗauke da gawa kaɗai za ta ɗauki fitila a samanta, mai launin da doka ta keɓe mata, wanda ba na 'yan sanda ba ne, ba na motar asibiti ba, kuma a yi wa irin waɗannan motoci rajista a wurin Karota da sunan masallaci ko ƙungiya ko cocin da ta mallake su. Dokar ta game kowa, domin Kiristocin Sabon Gari da sauran unguwanni su ma suna raka gawarsu a waɗannan titunan. Motocin rakiya su kunna fitilun gaba ko da rana ne, su maƙala ƙaramar tuta iri ɗaya, su bar hazad a kashe don sigina da fitilar birki su yi aikinsu. Ayari ya riƙe hannu ɗaya na titi, da gudun da bai wuce na cikin gari ba. Idan motar asibiti ko ta kashe gobara ta taho, ayarin ya ba ta hanya. Hazad ta dawo wurinta: a kunna ta idan an tsaya a bakin makabarta motoci sun tare wani ɓangare na titi, inda take faɗin gaskiya cewa ga cikas a gaba.

Batun danja kuwa, akwai hanyar halal da ta riga ta wanzu. A ƙa'idar hanya, hannun jami'i yana gaba da fitila. Idan ɗan Karota ko ɗan sanda ya tsaya a tsakiyar mahaɗa ya ɗaga wa ɗaya hannun hannu, direban tirela yana ganinsa, ya san dalilin tsayuwarsa, kuma akwai wanda ya ɗauki alhakin. Haka ake yi a manyan jana'izoji, irin ta Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a watan Yunin 2014, inda jami'ai ne ke riƙe hanya saboda yawan jama'a. Abin da ya rage shi ne talaka ma ya sami rabonsa na wannan hidima. Karota na da jami'ai a manyan mahaɗun Titin Zariya da Titin Maiduguri. Umarni ɗaya daga shugabancin hukumar ya isa: jami'in da ya hango motar gawa mai rajista ya riƙe mata hanya har jerin masu tuta ya wuce, ba tare da karɓar ko sisi ba. Inda babu jami'i, kowa ya bi danja, motar gaba kuma ta rage gudu bayan mahaɗa har na baya su cimmata. Marubucin ya nemi 'yan Karota su kau da kai. Abin da masu makoki ke buƙata shi ne su juyo su dube su, su taimaka.

Akwai kuma abin da unguwanni za su iya farawa tun kafin a rubuta ko layi ɗaya na doka. Tarauni ƙaramar hukuma ce mai cunkoso, mutanenta sun haura 220,000 tun a ƙidayar 2006, kuma kowace mota da aka rage a ayari sauƙi ne ga kowa. Mutum arba'in a bas biyu sun fi saurin isa makabarta a kan mutum arba'in a mota ashirin da biyar. Dattawa su hana samari maƙalewa a bayan a-kori-kura da hawa babur uku-uku ba hular kwano, domin a nan ake samun raunukan da ba a ba da labarinsu. Masu unguwanni da kwamitocin masallatai na Gyadi-Gyadi, Daurawa, Babban Giji da Unguwa Uku za su iya ɗinka tutoci su ajiye tare da makara da likkafani, a raba lokacin tashi a karɓe a makabarta. Sannan a naɗa mutum ɗaya da zai yi magana da zarar liman ya sallame sallar gawa, kafin jama'a su watse zuwa motocinsu: ya faɗi makabartar da za a je, ya faɗi hanyar da za a bi, ya ce a kunna fitilar gaba a kashe hazad, ya kuma tabbatar wa kowa cewa ba za a sa mamaci a kabari ba sai 'ya'yansa da 'yan'uwansa na kusa sun iso. Wannan alkawarin na ƙarshe kaɗai zai cire wa direbobi da yawa dalilin da ke sa su taka mota su faɗa wa jar danja.